Maria Montessori, Likitar Da Ta Koya Wa Yara Yin Shiru



Na tabbata da yawa daga cikinku kun taɓa ganin kalmar nan Montessori a rubuce a allon wata makarantar ƙananan yara, ko a jikin motar da ke kwasar ɗalibai da safe. Wataƙila ma, 'yar'uwa, a irin wannan makaranta ɗanki yake. To, kin san kuwa ba sunan gari ba ne, ba kuma na kamfani ba, sunan wata mace ne? Labarinta za mu ba ku yau, musamman ma wani darasi guda da ta ƙago wanda ba a cika ambatonsa ba, watau darasin yin shiru.

Dalilin da ya sa muka tuno da ita shi ne, a zamanin nan makarantu da yawa a Indiya da Turai da Amurka sukan ware 'yan mintoci su koya wa ɗalibai yoga, watau motsa jikin nan na mutanen Indiya wanda ake haɗawa da lura da numfashi, da kuma zaman natsuwa, inda yaro zai zauna tsit ya tattara hankalinsa wuri ɗaya. Abin ya bunƙasa har tun daga 2015 ana bikin ranar yoga ta duniya kowace 21 ga Yuni, da amincewar Majalisar Ɗinkin Duniya. Ita wannan mata ba malamar yoga ba ce, likita ce, Kirista 'yar Katolika. Amma tun fiye da shekara 100 da suka wuce ta gano, a wurin 'ya'yan talakawa, cewa yaro ƙarami yana iya natsuwa, yana kuma son natsuwar, in dai an nuna masa hanya.

An haifi Maria Montessori ran 31 ga Agusta, 1870, a wani ƙaramin gari mai suna Chiaravalle a ƙasar Italiya. Ita kaɗai iyayenta suka haifa. Mahaifinta, Alessandro, ma'aikacin gwamnati ne a fannin kuɗi, mutum mai riƙo da al'adar dā. Mahaifiyarta, Renilde, mace ce mai son karatu, ita ce kuma ta tsaya mata a duk wata rigima da ta taso game da iliminta. Tana 'yar shekara 5 suka koma birnin Rum.

Rigimar kuwa ba ta jima ba ta taso. A lokacin, yarinyar da ta yi karatu aikin malanta kaɗai ake sa ran za ta yi. Maria ta ce ita sam ba ta son koyarwa, abin da ke da ban dariya in kin dubi yadda rayuwarta ta ƙare. Tana shekara 13 ta shiga makarantar fasaha wadda galibin ɗalibanta maza ne, da nufin zama injiniya. Da ta gama sai ta sake shawara, ta ce likita za ta zama. Mahaifinta bai so ba ko kaɗan, amma ta nace har ta sami shiga sashen koyon aikin likita na Jami'ar Rum.

Ku 'yan makaranta da kuke kukan wahalar karatu, ku ji irin tata. A ganin mutanen wancan zamani bai kamata mace ta tsaya tare da maza a gaban gawa tsirara ba. Saboda haka in an zo darasin feɗe gawa, sai a bari sai kowa ya tashi, sa'an nan ita ta shiga ɗakin ita kaɗai da yamma, ga gawawwaki, ga warin magani, ta yi nata aikin. Ɗalibai maza kuma ba su bar ta ta huta da tsangwama ba. Duk da haka ta ci jarrabawa, a 1896 ta fito likita, tana cikin matan farko da suka sami wannan matsayi a Italiya. A shekarar ce kuma aka tura ta birnin Balin na Jamus, wurin wani babban taron mata na duniya, inda ta nemi a riƙa biyan mace daidai da namiji in sun yi aiki iri ɗaya.

Aikinta na farko ya riƙa kai ta gidajen mahaukata na birnin Rum. A can ta tarar da yara masu raunin ƙwaƙwalwa an kulle su a ɗakunan da babu kome a ciki sai bango. Wata mai kula da su ta yi mata ƙorafin haɗamarsu, wai da an gama cin abinci sai su bi ƙasa suna tsintar ɓarɓashin burodi. Maria ta dubi ɗakin, ta ga ba yunwar ciki ba ce. Yaran ba su da abin da za su taɓa ko su juya a hannu, ɓarɓashin nan shi ne kaɗai abin wasansu. Daga nan ta duƙufa karatun littattafan waɗansu likitocin Faransa biyu, Itard da Séguin, waɗanda suka yi aiki da irin waɗannan yara, ta shiga ƙera kayan koyarwa waɗanda yaro zai koya da hannunsa da idonsa da kunnensa. A 1900 aka ba ta shugabancin wata makaranta ta irin waɗannan yara, ita da wani likita. Ba a daɗe ba waɗansu daga cikin yaran suka zauna jarrabawar gwamnati tare da yara masu lafiya, suka kuma ci. Jama'a suna ta yabo, ita kuwa abin da ya dame ta dabam ne: wace irin koyarwa ake yi wa masu lafiyar, har waɗanda aka yanke wa ƙauna suka kamo su?

A nan akwai wani tabo a rayuwarta wanda ba za mu ɓoye muku ba. A 1898 ta haifi ɗa namiji, Mario, ba tare da aure ba. Ubansa shi ne likitan nan abokin aikinta, Giuseppe Montesano. Aka ɓoye haihuwar, aka kai jaririn ƙauye wurin waɗansu mutane su yi renonsa. A 1901 mutumin ya auri wata, Maria ta bar makarantar, ba ta kuwa taɓa yin aure ba har ta mutu. Takan je ƙauyen ta ga yaron, ba tare da ya san ita ce uwarsa ba. Sai da ya kai wajen shekara 15, bayan rasuwar mahaifiyarta, sa'an nan ta ɗauko shi, shekaru da yawa kuma tana nuna shi ga mutane a matsayin ɗan 'yan'uwa ko ɗan riƙo. Ki duba fa, macen da duniya ta sani da sanin halin yara ba ta ga tatatar ɗanta ba, ba ta ji maganarsa ta fari ba. Ba ma wanke ta daga kuskure, amma duk uwar da ta taɓa goyo ta san abin da wannan mata ta rasa.

Yanzu mu zo kan babban aikin. A birnin Rum akwai wata unguwar talakawa, San Lorenzo. Wani kamfani ya gyara tsofaffin gidajen bene na haya a wurin, ya zuba ma'aikata. Da safe iyaye maza da mata su tafi neman abinci, su bar yaran da ba su isa shiga makaranta ba suna yawo a matakala, suna ɓata bangon da aka sha wahalar shafewa. Masu gidajen suka ga gara a tara yaran a ɗaki ɗaya a sa wani ya tsare su, ya fi araha bisa ga sake fenti. Suka nemi Maria ta kula da abin. Ran 6 ga Janairu, 1907, aka buɗe wurin, aka sa masa suna Gidan Yara. Yara 50 zuwa 60 ne, daga masu shekara kamar 3 zuwa 6, masu tsoro, masu kuka, iyayensu galibi ba su iya karatu ba. Wadda aka sa ta zauna da su kullum ba ma malama ba ce, 'yar mai kula da gidan ce.

Maria ta sa aka yi tebura da kujeru ƙanana marasa nauyi, waɗanda yaro zai iya ɗauka da kansa. Aka ajiye kayan aiki a kanta mai ƙasa-ƙasa inda hannunsa zai kai. Aka koya musu wanke hannu, da shara, da ɓalla maɓalli, da zuba ruwa ba tare da zubarwa ba. Wata rana ma ta nuna musu yadda ake fyace majina da hankici cikin ladabi, sai ta ga yaran sun ɓarke da tafi. Kullum tsawa ake yi musu saboda majina, ba wanda ya taɓa zama ya nuna musu yadda za su yi.

Sai kuma ta lura da wata yarinya 'yar shekara 3 tana wasa da waɗansu 'yan guntayen katako, kowane da ramin da ya yi daidai da shi. Ta zare su, ta mai da su, ta sake zarewa. Maria ta sa sauran yara su yi waƙa suna zagayawa, yarinya ba ta ɗago ba. Ta ɗauke ta duk da kujerarta ta ɗora bisa tebur, yarinya ta rungume kayanta ta ci gaba. Sai da ta maimaita fiye da sau 40, sa'an nan ta tsaya don kanta, ta duba kewaye da fara'a kamar wadda ta tashi daga barci mai daɗi. To, a lokacin kowa ya ɗauka hankalin ƙaramin yaro kamar tsuntsu yake, ba ya zama a reshe ɗaya. Wannan yarinya ta ƙaryata zancen.

Darasin shiru kuwa ba shirya shi aka yi ba. Wata rana Maria ta gamu da wata mata a tsakar gida riƙe da jaririya 'yar wata 4, an naɗe ta tam da zane kamar yadda matan unguwar suke yi. Ta karɓe ta, ta shiga aji da ita. Jaririyar ta yi lamo, ko motsi ba ta yi. Cikin wasa Maria ta ce wa yaran ba wanda zai iya zama tsit kamar wannan jaririya. Sai ta ga duk sun haɗe ƙafafu sun daina motsi. Ta ce su saurari numfashinta, ba wanda zai iya numfashi a hankali haka. Sai yaran suka shiga rage ƙarfin numfashinsu. Ɗakin ya yi tsit, irin shirun da ba a taɓa ji a cikinsa ba. A hankali aka fara jin ƙarar agogo, da ɗigar ruwa daga nesa, da kukan tsuntsu a waje, abubuwan da kullum suna nan amma hayaniya ta rufe su. Ba wanda ya tilasta wa yaran, fuskokinsu kuwa cike da jin daɗi. Bayan wannan rana su da kansu suka riƙa neman a sake.

Sai ta ƙara wa abin armashi. Takan rage hasken ɗakin, yaran su zauna yadda ya yi musu daɗi, su rufe ido. Ita kuma ta koma ɗakin da ke kusa, ta bar ƙofa a buɗe, ta riƙa kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya da raɗa. Wanda ya ji sunansa sai ya tashi ba tare da ya ja kujera ba, ya yi sanɗa ya iske ta. Ki tuna yara ne wajen 40, na ƙarshe sai ya jira an kira kowa. Da fari ta ɗauka wahala take ba su, har ta kawo alewa don ta saka musu. Yaran ba su kula da alewar ba. Jin sunan da kuma cin nasarar isowa shiru sun ishe su.

Me ya bambanta wannan da shirun da muka sani? Ke ma kin san shirun ajinmu: malam ya daka tsawa ko ya ɗaga bulala, kowa ya kama bakinsa, da ya juya baya surutu ya dawo, har da ƙari. Wannan tsoro ne ya danne hayaniya na ɗan lokaci. Shirun da Maria take nufi aiki ne wanda yaro yake yi da kansa. Sai ya mallaki ƙafarsa da hannunsa da harshensa da numfashinsa, duka a lokaci ɗaya, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne ga ɗan shekara 4. Daɗin daɗawa, ba mai iya yinsa shi kaɗai a cikin aji: in mutum ɗaya ya motsa ya ɓata wa kowa. Saboda haka yaran suna koyon haƙuri da juna ba tare da an yi musu wa'azi ba. Shi ya sa ba a yin darasin don horo, ba a kuma fara shi ran da yaro ya shigo makaranta. Sai ya saba da tafiya a hankali da ajiye kaya ba ƙara tukuna.

Don wannan shiri ne ta ƙago tafiya bisa layi. Ta ga yadda yara suke son bin bakin dakali ko gungumen itace suna gyara tsayuwa, sai ta sa aka ja zagayayyen layi a daɓen aji. Yaro ya bi layin a hankali, diddige na taɓa yatsun ɗaya ƙafar. In ya ƙware a ba shi kofi cike da ruwa, kada ya zubar, ko ƙararrawa, kada ta yi ƙara. Ke da kika tashi kina ɗaukar tulu a ka, ai kin san natsuwar da wannan yake bukata.

A wannan gida ne kuma 'yan shekara 4 suka fara rubutu, bayan sun yi ta shafa haruffan da aka yanka daga takarda mai kaushi, irin wadda kafintoci ke goge katako da ita. Labari ya bazu. A 1909 ta buga littafinta na farko a kan hanyar, aka fassara shi cikin harsuna da yawa, ta bar aikin likita ta koma horar da malamai. Ta je Amurka a 1913, a 1915 kuma aka gina aji mai bangon gilashi a wani babban baje koli a San Francisco, mutane suna zaune suna kallon yara suna aikinsu ba su ko waiwaye.

Ba kowa ne ya yarda da ita ba, ita ma kuma tana da nata taurin kai. Ba ta yarda wani ya horar da malamai da sunanta in ba ita ba, abin da ya raba ta da almajiranta da dama. Kayan aikin kuma suna da tsada, har hanyar da aka fara don 'ya'yan leburori ta koma galibi ta 'ya'yan masu hali. Yau kowa yana iya rataya sunan a ƙofar makarantarsa. In kin je neman wa ɗanki wuri, kada allon waje ya ruɗe ki, ki nemi a bar ki ki zauna a ajin ki ga yadda ake samun shiru a cikinsa.

Masu mulkin kama-karya ma ba su daɗe da ita ba. Mussolini ya goyi bayan makarantunta da fari, ita ma ta karɓi taimakonsa kusan shekara 10. Amma shi yara masu bin umurni ido rufe yake so, suka ɓata, ta bar Italiya a 1934, a 1936 aka rufe makarantun. A Jamus tun 1933 gwamnatin Hitler ta rufe su. Yaƙin basasar Sifen ya kore ta daga Basalona a 1936, ta koma Holan.

A 1939, tana da shekara 69, aka gayyace ta Indiya. Dā ma ta san Mahatma Gandhi, sun sadu a Landan a 1931, shi kuwa mutum ne da yake ware ranar Litinin ba ya magana da kowa. Ta sauka a Adyar, kusa da birnin Madras wanda yanzu ake kira Chennai. Ɗalibai wajen 300 suka zo daga sassan ƙasar, suka zauna a tabarmi cikin rumfunan ganye, tana magana da Italiyanci, Mario yana fassarawa da Turanci. A nan ta iske mutanen da zaman shiru da lura da numfashi ba baƙon abu ba ne gare su. A shekarun nan ma, a birnin Mysore na kudancin ƙasar, wani malami mai suna Krishnamacharya yana koya wa samari yoga a makarantar da sarkin garin ya buɗe masa a fada. Sai dai ki lura, ita yoga tushenta yana cikin addinin Hindu da falsafarsu, ko da yake da yawa suna yinta yau don lafiyar jiki kawai. Darasin Maria kuwa bai jingina da ibadar kowa ba, daga kallon yara ya fito.

Watanni kaɗan ta yi niyyar yi, yaƙin duniya na biyu ya tsare ta kusan shekara 7. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, Ingilishi masu mulkin Indiya suka tsare Mario a sansani, ita kuma aka hana ta yawo. Ran da ta cika shekara 70, wakilin Sarkin Ingila a Indiya ya aiko mata da saƙo cewa an sako mata ɗanta, kyautar ranar haihuwarta. Ɗan da aka ɓoye a ƙauye shekara 42 da suka wuce, ga hukuma ta kira shi ɗanta a fili. Su biyun suka zauna a garin Kodaikanal mai duwatsu daga 1942 zuwa 1944, suna tsara karatun yara 'yan shekara 6 zuwa 12, kafin su koma Turai a 1946 kuma sun horar da malamai fiye da 1,000.

Tsufa bai zaunar da ita ba. Ta sake komawa Indiya a 1947, ta je Pakistan a 1949, sau uku kuma ana gabatar da sunanta don lambar Nobel ta zaman lafiya, a 1949 da 1950 da 1951, ba ta samu ba. Ta rasu ran 6 ga Mayu, 1952, a gidan waɗansu aminanta a Noordwijk, bakin teku a Holan, tana da shekara 81, a daidai lokacin da take shawarar tafiya Afirka. A garin aka binne ta, domin ta bar wasiyya a rufe ta duk inda ajali ya same ta. Ragamar aikin kuwa Mario ta bar wa, shi ya riƙe ta har ya rasu a 1982.